Hita da AC a Lokacin Hunturu: Yadda Ake Haɗa Su Su Yi Aiki Tare

Da zarar Disamba ta kama a Jos, kasuwarmu ta masu gyaran AC na mota sai ta kwanta. Mutane suna kashe maɓallin A/C tun ƙarshen Nuwamba, ba sa sake waiwayarsa sai Maris, lokacin da rana ta fara dukan ƙeya. Hita kuwa, da yawa ba su ma san motarsu tana da ita ba. Wanda ya sani, in ya murɗa abin daidaita zafi da sanyi zuwa ɓangaren ja ya ji iska mai sanyi, sai ya ce ai motar ba ta zo da ita ba. Ta zo da ita mana. Duk motar da aka sauke a Kwatano ko Legas daga Beljiyam, Jamus, Amurka ko Kanada, da hitarta ta iso, don babu mai sayen mota marar hita a ƙasar da ƙanƙara ke zuba. A nan gida aka kashe ta, kuma zan zo kan yadda aka yi.

Abin da nake faɗa wa duk wanda ya kawo mini mota a wannan lokaci shi ne: a hunturu tare ake kunna su biyun. Hita ta ɗumama iska, AC ya busar da ita. Wanda ya gane wannan ya rabu da goge gilashi da hula yana tuƙi.

Daga ina ɗumin yake fitowa

Inji ba ya mayar da duk man da ya ƙona ya zama gudu. Wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man yana tafiya ne a matsayin zafi cikin ruwan lagireto, wani kason kuma ya bi salansa. Ruwan nan, in inji ya kai ɗumin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi, yana kai wa wajen digiri 90. Sai masu ƙera mota suka ja tiyo biyu daga jikin inji, suka ratsa da su bangon ƙarfen da ya raba inji da wurin zaman mutane, suka kai su ga wani ɗan ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod. Ruwan zafi ya shiga ta tiyo ɗaya ya fita ta ɗayan, fanka ta hura iska ta cikinsa, iskar ta fito da ɗumi. Hitar ke nan gaba ɗayanta. Zafin da dama za a zubar a titi ne aka shigo maka da shi, saboda haka a motar fetur ko gas ɗin dizal hita ba ta shan mai, in ban da ɗan wutar da fanka ke ja.

AC shi ne mai shan mai, don kwamfuresarsa da bel take juyawa daga inji. Shi ma yana da nasa ɗan lagireton a bayan dashbod, amma mai sanyi, wanda gas ke sanyaya shi har ya kusa daskarewa. Iska tana fara bi ta mai sanyin kafin ta isa ga mai zafin. In ka taɓa zuba ruwan ƙanƙara a kofin silba ka ga bayansa ya yi gumi, to abin da ke faruwa ke nan: laimar da ke cikin iska tana maƙalewa a jikin ƙarfen mai sanyi, ta zama ruwa, ta bi wani ɗan tiyo ta ɗiga a ƙarƙashin mota. Iskar da ta wuce ta riga ta bushe. In ka murɗa zuwa ja alhali fitilar A/C na kunne, busasshiyar iskar nan ce za ta bi ta hita ta fito da ɗumi. Babu abin da ke cinye gumin gilashi da sauri kamarta.

Wani zai ce, ina laima a hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa, wanki ke bushewa kafin a gama shanya? Gaskiya ne, iskar da ke taso mana da ƙura daga arewacin Chadi busasshiya ce ƙarau. Amma laimar da ke rufe gilashi daga cikin mota take fitowa. Ɗauki Sharon ko Golf da ta yi lodi a Farar Gada da asuba: kowa ya naɗe da bargo da hular sanyi, an ɗaga gilasai duka, mutum bakwai ko fiye suna numfashi, ga wata uwa da filas ɗin kunu ta buɗe wa yaro. Jos tana kan tudu mai tsawon mita 1,200 ko fiye, kuma a wasu asubahin Disamba da Janairu sanyi yakan sauko ƙasa da digiri 10. Gilashin ya kwana a waje ya yi sanyi ƙalau. Numfashin fasinjoji yana taɓa shi sai ya zama gumi, kafin a fita gari direba yana leƙen hanya ta 'yar tagar da ya goge da tafin hannu.

Da asuba, daga ta da mota

Kafin ka murɗa makulli, ka tabbatar fankar ciki a kashe take. Ka ta da inji, ka ba shi kamar minti ɗaya baƙin mai ya zagaya, ka ja a hankali. Al'adar barin mota tana kuka minti goma sha biyar a ƙofar gida ta zamanin Fijo 504 da cok ɗinta ce. Motar yanzu mai injekta a kan hanya ta fi saurin ɗumi, muddin ba ka taka mata totur da ƙarfi ba tun tana sanyi. In ka buɗe fanka a lamba huɗu tun daga farko, iskar sanyi za ka sha a banza, kuma ɗan zafin da ruwan ya fara tarawa kana kwashe shi, inji ya ƙara jinkiri. Ka jira allurar zafi ta ɗan ɗaga daga ƙasa, ko shuɗiyar fitilar nan ta mutu a motocin da ba su da allura. Motar dizal ta fi ta fetur nawar ɗumi, sai an yi haƙuri da ita.

In gilashi ya riga ya yi gumi kuwa, ba a jira. Ka juya iska zuwa alamar gilashin gaba, wadda ke da lanƙwasassun kibiyoyi uku suna hawa sama. Ka kunna A/C. Ka kashe maɓallin da ke juya iskar ciki, wato mai hoton mota da kibiya ta lanƙwaso a cikinta. Ka murɗa zuwa ja, ka ƙara fanka. Bututun iska na gefe biyu ka karkata su zuwa gilasan ƙofa, daidai inda kake kallon madubi. In fasinja sun yi yawa, ka sauke gilashin baya kamar faɗin yatsa biyu, ko da za a yi maka ƙorafi. Motoci da yawa, musamman na Toyota da Honda, da ka danna maɓallin FRONT su da kansu suke ta da kwamfuresa su buɗe ƙofar iskar waje, wasu ma ba tare da fitilar A/C ta nuna ba. Kada ka ce mota ta lalace don ka ji kwamfuresa ta kama ba ka taɓa ta ba.

Gilashin baya hanyarsa daban. Siraran layukan nan masu ruwan ƙasa da ke kwance a jikinsa wayoyin wuta ne, maɓallinsu shi ne mai alamar akwati da kibiyoyi, wani lokaci an rubuta REAR. Suna jan wuta sosai, shi ya sa yawancin motoci ke kashe su da kansu bayan 'yan mintoci. Masu kankare sitika ko baƙin gilashi da reza su ne ke yanke su, kuma layin da aka yanke ba ya sake ɗumi sai an yi masa gyara na musamman.

Da gilashi ya washe, ka mayar da iska zuwa alamar da ta raba ta biyu, ƙafa da gilashi, ka rage fanka zuwa ɗaya ko biyu, ka dawo da abin murɗawa tsakiya. In motarka mai lambobi ce, ka ajiye ta a 21 ko 22 ka danna AUTO ka ƙyale ta. Kai ta 30 ba ya sa ɗumi ya zo da wuri, don har yanzu ruwan injin ake jira. Ɗumi ƙafa ake ba, shi zai hau sama da kansa. Iskar hita a fuska tana busar da ido da hanci, waɗanda dama hunturu ya gama da su, sannan tana kawo gyangyaɗi. Direban da ya taso tun kafin assalatu, ya sha shayi mai kauri da burodi, aka rufe shi cikin ɗumi a miƙaƙƙiyar hanyar Saminaka zuwa Pambeguwa, barci ba sallama zai yi masa ba. Na fi son direba ya ɗan ji sanyi a fuskarsa.

Tun kafin a ja mota, a cire wa yara manyan rigunan sanyi masu kumburi kafin a ɗaura musu bel. Rigar tana hana bel ɗin kama jiki.

Maɓallin juya iskar ciki

Nan ne hunturu ya bambanta da sanyin ƙasashen Turai, kuma nan ne littafin mota ba zai taimake ka sosai ba. Su laima ce matsalarsu, mu ga ƙura ga gumin gilashi, kuma maganin ɗaya yana ta da ɗayan. In ka rufe iskar waje ka tsira daga ƙura, amma numfashin mutane yana taruwa, gilashi ya rufe, iskar ta yi nauyi, kai ya fara sarawa. In ka buɗe, gilashi ya washe, ƙura ta samu hanya.

Yadda nake yi shi ne, iskar waje ita ce a buɗe kullum. In na shiga bayan tifa a hanyar da ake aiki, ko bayan tirela mai baƙin hayaƙi, ko na zo inda aka cinna wa daji wuta, sai in danna maɓallin in rufe. Ina wucewa in buɗe. In hazo ya yi kauri har dole a daɗe a rufe, to A/C ya kasance a kunne don ya riƙa kwashe laima, kuma duk bayan minti goma zuwa sha biyar a buɗe iska ta sabunta.

Wannan dabarar tana aiki ne in matatar iskar ciki tana nan. A Corolla da Camry da Accord tana bayan akwatin da ke gaban fasinja. Ka buɗe akwatin, ka matse gefensa biyu ya sauko, za ka ga wani dogon murfin roba, ka zare shi. Abin da muke cirowa a wurin sai wanda ya gani: takarda mai ninki da ta koma jar ƙasa, ganyen dalbejiya, ɓawon gyaɗa, wani lokaci har sheƙar ɓera. Wata motar kuma ramin ne kawai, wani ya cire matatar don iska ta ƙara ƙarfi, ƙura tana ta liƙewa a jikin jiƙaƙƙen lagireton AC ta zama taɓo. Kamfanoni sukan ce a canja ta duk bayan kilomita 15,000 zuwa 20,000, amma wannan lissafin ba da hazonmu aka yi shi ba. Ka sa sabuwa a farkon hunturu, ka kakkaɓe ta a tsakiyarsa, ka lura da kibiyar da ke gefenta mai nuna inda iska ke bi. Mai asma a gida, wannan 'yar takardar ta fi masa duk wani turaren mota amfani.

Gilashin ma a wanke shi ta ciki da tsumma mai tsabta. Maiƙon hannu da ƙura su ne gumi ke kamawa, kuma su ne ke watsa hasken fitilar mai zuwa a idonka da dare. Ta waje kuma kada ka kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, tana karce gilashi. Ka cika robar ruwan waifa.

In an murɗa ja, sanyi ya fito

Ka bar inji ya yi tafiya mai ɗan nisa, ka tsaya, ka buɗe bonet, ka nemi tiyo biyun nan masu kaurin babban yatsa da suka nufi bangon bayan inji. Sau da yawa abin da za ka tarar shi ne bututun ƙarfe biyu a jikin bangon tsirara, an cire tiyon an lanƙwasa shi ya koma inji, ko an toshe shi da tsohon fulogi an ɗaure da waya. Kanikawa suna yin haka in ƙaramin lagireton ya fara yoyo, don canja shi sai an sauke dashbod gaba ɗaya. Wasu kuma haka kawai suke yi, wai hita tana kashe sanyin AC. Kada ka ce wa yaron gareji ya mayar da tiyon nan take. A fara gwada lagireton da matsin iska ko ruwa a ga ko yana riƙewa, in ba haka ba ruwan zafi zai malalo a ƙafar fasinjanka.

In tiyon suna nan, ka taɓa su da hankali, ka kiyayi fanka da bel. Duka biyun da zafi amma iska ba ɗumi, to 'yar ƙofar da ke karkata iska a bayan dashbod ce ta maƙale, ko ɗan injin lantarkin da ke juya ta ya mutu; wani lokaci za ka ji yana ƙas-ƙas in ka murɗa. Ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, lagireton ya toshe, galibi saboda ruwan rijiya ko na burtsatse da aka shekara ana zubawa har ya yi tsatsa da gasari; akan wanke shi ta hanyar tura ruwa ta baya. In ɗumi yana zuwa sa'ad da ka taka totur, ya ɗauke in ka tsaya, ruwa ne ya yi ƙasa ko iska ta shiga. In kuwa duka biyun ɗumi-ɗumi ne kawai, allurar zafi kuma ba ta taɓa barin ƙasa, to an cire tamostat.

Wannan na cire tamostat shi ne ya fi ci mini rai. Mota tana isowa, kafin mai ita ya gama murna, sai a ce masa, "Alhaji, wannan ta ƙasar sanyi ce, a cire mata tamostat, a yi wa fanka dairek." Shi ke nan an gama da ita. Tamostat ɗan bawul ne da ke tsare ruwa kada ya tafi babban lagireto sai ya kai wajen digiri 82 zuwa 88, ya danganta da mota. In babu shi, ga fankar lagireto tana juyawa tun daga murɗa makulli, a sanyin Jos injin ba zai taɓa kai ɗuminsa ba. Kwamfutar mota tana ganin inji da sanyi sai ta ci gaba da ƙara masa fetur, fulogi su yi baƙi, ɗanyen mai ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai. Mai motar yana kukan tsadar fetur, bai san a garejin da aka yi masa "taimako" aka ƙara masa kashe kuɗi ba. Motocin nan iri ɗaya ne ke yawo a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu. In mota tana zafi, akwai dalili: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya cinye, ko fanka ba ta kamawa. Shi za a nema.

Masu mayar da mota ta koma amfani da iskar gas ta CNG, waɗanda suka yawaita tun da aka cire tallafin fetur a 2023, su ma wannan ya shafe su. Na'urar da ke rage ƙarfin gas ɗin kafin ya shiga inji da ruwan zafin inji ake ɗumama ta, kuma daga tiyon hita ake jan ruwan. Motar takan tashi da fetur, sai ruwa ya yi ɗumi sannan ta koma gas. Babu tamostat, da asubar hunturu za ka yi nisa kana ƙona fetur ɗin da ka gudu.

Lafiyayyar hita tana da wani amfanin da ba na sanyi ba. In allura ta fara hawa ja kana tsakiyar Hawan Kibo, inda babu wurin tsayawa mai kyau, ka kashe A/C, ka murɗa hita ƙarshe, fanka a huɗu, ka sauke gilasai. Ɗan lagireton zai kwashe wani zafin har ka samu inda za ka faka. Murfin lagireto kuma ba a buɗe shi sai inji ya huce.

Hanci ma yana ba da labari. Wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, da maiƙo a jikin gilashi ta ciki wanda ba ya gogewa, da jiƙaƙƙen kafet a ƙafar fasinja, hita ce ke yoyo. Ruwan kala da ake sayarwa na lagireto shi ya fi dacewa a zuba, don yana hana tsatsa, amma guba ne mai zaƙi, kada a bar shi inda yaro ko akuya za su kai baki. Warin rima in an kunna fanka kuma, tiyon da ke zubar da ruwan AC ne ya toshe. Warin hayaƙin salansa a cikin mota shi ne wanda ba a kai shi gobe. A cikin hayaƙin akwai iskar da ba ta da wari ko launi, irin wadda ke kashe iyali in sun kwana da janareta a ɗaka. Kada a ɗumama mota a rufaffen gareji, kada a kwana a cikinta a tasha inji na aiki gilasai a rufe, kada kuma a shigar da kaskon garwashi kan babbar mota. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya su ne alamarta, in ma an samu farkawa.

AC ɗin da aka ajiye

A cikin gas ɗin AC akwai wani mai da ke zagayawa tare da shi, shi ke jiƙa kwamfuresa da zoben robar da ke bakin kowane bututu. In aka yi wata uku ba a kunna ba, man ya kwanta wuri ɗaya, robobin su bushe, gas ya riƙa sulalewa. Sai Maris ka ji, "Oga, wallahi lafiya lau na ajiye shi." Ajiyewar ce ta jawo. Ko ba ka ɗaukar fasinja, ko gilashinka bai taɓa gumi ba, ka kunna shi minti goma a kowane mako, ka murɗa zuwa ja in sanyin ya dame ka. Wanda ke zaune a Ingila ko Kanada zai lura kwamfuresa tana ƙin kamawa in sanyin waje ya kusa sifili. Haka aka tsara ta don kada ƙanƙara ta daskare a ciki. Can kuma ba a zuba wa daskararren gilashi ruwan zafi, tsagewa yake yi.

AC ba ya cinye gas. In ya ragu, wani wuri ne ke yoyo, a nemo shi kafin a ɗura sabo. A ƙarƙashin bonet akwai 'yar takarda da ta faɗi irin gas ɗin da nauyinsa. Ƙananan motoci galibi giram 400 zuwa 600 suke ɗauka. Motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 suna amfani da R134a, sababbin na Turai daga 2017 kuma R1234yf, kuma ba a gauraya su. Mai Prius ko wata motar da ke haɗa fetur da batir ya faɗa wa mai gyara tun kafin ya taɓa, don galibi kwamfuresarta ta lantarki ce, manta daban ne, in aka zuba na gama-gari ana iya lalata ta. Motar lantarki zalla kuma ba ta da zafin inji da za ta ba ka kyauta, daga batir hitarta ke ci, don haka a ɗumama ta tun tana jone da caji kafin a fita.